Haɗa Hotuna da Mayafin Haske: Faɗuwar Rana a Bakin Kogin Isa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Isa, wato kogin Neja, ta gefen unguwar Yantala a Yamai, daf da magariba, ya juya kyamararsa wajen Harobanda da ke ƙetare, ya san matsalar nan. In ka saita haske don sama, gajimare ya fito da jansa da ruwan ɗorawarsa, amma kwale-kwalen masunta da garaken bakin ruwa su koma baƙi ƙirin. In ka saita don ƙasa, kana ganin har igiyar da aka ɗaure jirgi da ita, sai dai sama ta ƙone ta yi fari fat. Idonka ya ga duka biyun, domin yana ta buɗewa da tsukewa duk inda ya kai, ƙwaƙwalwa kuma tana haɗa abin da ya tattaro. Ita kyamara ƙifta ɗaya take yi. Masu kyau na yanzu suna riƙe matakin haske 12 zuwa 14 a ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) mafi ƙanƙanta, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na wanda ke ƙasansa. Ba kaɗan ba ne, amma in rana na kallonka ido da ido, ga kuma inuwa a gindin mangwaro, tazarar takan fi ƙarfin hoto guda.

Maganin shi ne a ɗauki hoto biyu ko uku na wuri ɗaya, kowanne da nasa haske, a ɗebi sama daga mai duhu, a ɗebi ƙasa daga mai haske. Akwai manhajojin da ke haɗawa da kansu, abin da ake kira HDR, kuma wani lokaci suna yin aiki mai kyau. Amma ni na fi son haɗin hannu da mayafin haske, wato mayafin da ake cirowa daga hasken hoton kansa don ya rufe wani sashe ya buɗe wani, saboda kai ke yanke hukuncin inda duhu zai shiga da iya yawan da zai shiga. Manhaja ba ta san cewa sama ya kamata ta fi gaɓar kogi haske ba. So take ta daidaita kowa da kowa, sai hoto ya fito ba safiya ba yamma. Dabarar mayafin ta yaɗu ne bayan wani Ba'amurke mai ɗaukar hotunan hamada, Tony Kuyper, ya wallafa bayaninta a 2006. Daga baya an yi ƙananan manhajoji masu sauƙaƙe ta, irin su TK na shi Kuyper ɗin, da Lumenzia, da Raya Pro. Ba sai ka sayi ko ɗaya ba. Duk abin da ke tafe da Photoshop zalla za a yi shi, kuma sunayen da zan kira na sigar Faransanci ne, tunda ita ce a yawancin kwamfutocin Yamai.

Ka fara tambayar kanka ko ana bukatar haɗin

A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan tare rana tun ba ta kai ƙasa ba. Sai ka gan ta fara-fara, kana iya kallonta ba ka runtse ido ba, haske kuma ya bazu ko'ina. Irin wannan yammaci hoton RAW guda ɗaya, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ya isa, kuma haɗa uku ɓata lokaci ne. Har yakan kashe wannan laushin hazo da shi ne kyan hoton. Aikinmu na damina ne da ƙarshenta, lokacin da ruwa ya wanke iska, gajimare ya taru jibga-jibga, rana ta ɓullo ta tsakaninsu da ƙarfinta.

Histogaram, zanen da kyamara ke nuna rabon hasken hoto da shi, duhu a hagu haske a dama, shi ne alƙali. Ka ɗauki hoto ɗaya ka duba zanen. In tudun ya tsaya bai jingina da bangon dama ba, bai kuma matse a bangon hagu ba, ka gama, ka ci gaba da ɗauka. In ya hau bango biyun a lokaci guda, to a nan ne za a raba aikin.

A bakin ruwa

Tun ran gini ran zane. Rabin wahalar haɗi a wajen ɗauka ake ƙirƙiro ta.

Ka kafa kyamara a kan ƙafa-uku, ka danna ƙafafun cikin laka ko yashi har su zauna. Ka sa RAW, ka sa ISO 100, ka koma M don komai ya kasance a hannunka. Buɗin ido ka bar shi a f/8 ko f/11, kar ka taɓa shi tsakanin hotunan, domin in ya canja, zurfin abin da ya fito tas shi ma zai canja, hotunan su ƙi hawa kan juna. Ka saita fokas sau ɗaya sannan ka kashe na atomatik. Daidaiton fari, wato saitin da ke daidaita launin haske, shi ma ka tsayar da shi wuri guda. Abu ɗaya tak ke motsi: tsawon ƙiftawa.

A ce hoton tsakiya ya faɗo a 1/60 na daƙiƙa. Mataki biyu ƙasa shi ne 1/250, mataki biyu sama kuma 1/15. Yawancin kyamarori suna da AEB da ke jera ukun da kanta. Ka haɗa shi da jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka kar ya girgiza ta. Sannan ka duba biyu daga ciki da kyau. Mai duhun dole ya kasance babu inda ya ƙone sai ƙwayar ranar kanta. In gefen gajimare na ƙyaftawa a allon, ka ƙara wani a 1/1000. Mai hasken kuma dole cikin kwale-kwale da gindin itace su fito ba tsaki-tsaki.

In rana na cikin hoton, za ka ga ɗige-ɗigen kore ko ja sun faɗo kan ƙasa, wato walƙiyar da ke yawo cikin gilasan idon kyamara. Ka ƙara ɗaukar hoto guda da saitin na tsakiya, amma ka sa yatsa a gaba ka rufe ranar. Yatsan zai ɓata sama, ƙasa kuwa za ta fito tsaf, kuma ƙasar kawai muke so daga gare shi.

Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kusan a tsaye take faɗuwa, ba ta jan ƙafa. Daga ɓacewarta zuwa duhu minti 20 ne da ƴan kai, kuma a ciki ne kiran salla zai same ka. Ka zo da wuri ka zaɓi wuri tun da la'asar. A damina tana faɗuwa ta arewa maso yamma, wajen da ruwan ke gangarowa. A Disamba kuma ta karkata kudu, ta faɗa bayan unguwannin ƙetare.

Abu biyu da ba na kyamara ba. Kusa da gadar Kennedy ko sauran gadojin, ka nemi izinin jami'an tsaron da ke wurin kafin ka kafa ƙafa-uku. Masu wanki da masu wanka kuma bakin ruwan wurin sana'arsu ne da sutura. Ka yi sallama, ka gaya wa dattijon da ke wurin, "Baba, faɗuwar rana nake son ɗauka, in ba damuwa," in an ce a'a ka matsa gaba.

Kusanto da hotunan tun a RAW

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, kuma nan ne gizo ke saƙa. In ka kai hoto mai duhu ƙwarai da mai haske ƙwarai cikin Photoshop yadda suke, babu mayafin da zai ɓoye mahaɗarsu. Dole tun a Camera Raw ko Lightroom, manhajojin gyaran RAW, kowanne ya taka ya tarbi ɗan'uwansa.

Ka zaɓi hotunan duka, ka kunna gyaran idon kyamara da cire jan layi da koren layin da ke fitowa a gefen abubuwa, ka ba su daidaiton fari iri ɗaya. Sannan ka ware su. Na tsakiya, wanda zai zama tushe, ka rage masa *Hautes lumières* har sama ta fara dawowa ko da ba ta dawo duka ba. Mai duhun ka ɗaga *Exposition* ɗinsa da *Ombres*, har gaɓar ƙetare da layin itatuwa su kusa kama da na tushen, amma ka tsaya kafin gajimare ya sake ƙonewa. Abin da kake nema shi ne, a daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, bambancin hotunan biyu kar ya wuce mataki ɗaya ko ɗaya da rabi. Kar ka sa kaifi, kar ka ja *Clarté* yanzu. Su biyun suna zana farin layi a gefen abubuwa, haɗi kuma ya ninka shi.

Ka buɗe su a 16 bit. Hoton 8 bit matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma sararin magariba da ke sauka sannu daga shuɗi zuwa ja yakan tsage ratsi-ratsi in an matsa masa.

Jera su

Daga Lightroom: *Modifier dans*, sai *Ouvrir en tant que calques dans Photoshop*. In daga Photoshop ne: *Fichier*, *Scripts*, *Chargement des fichiers dans une pile*. Kowane hoto zai zama falle guda a allon *Calques*. Tushe a ƙasa, mai duhu a samansa. Ka zaɓe su duka ka yi *Édition*, *Alignement automatique des calques*, ko da a ƙafa-uku ka ɗauka, don laka tana nutsewa. Don tabbatarwa, ka mai da yanayin haɗin fallen sama zuwa *Différence* na ɗan lokaci: in ka ga siraran layuka masu haske a gefen gine-gine da sandunan wuta, ba su hau juna ba tukuna. In sun hau, ka mai da shi *Normal*.

Sai ka danna fallen mai duhu, ka riƙe Alt, ka danna alamar ƙara mayafi a ƙasan allon. Baƙin mayafi zai rufe shi ɗungum. Ƙa'idar ba ta canjawa: fari ya buɗe, baƙi ya rufe, toka-toka ya buɗe rabi-rabi.

Mene ne mayafin haske

Mayafin da aka saba, kai ke zana shi da hannu, kuma hannu ba zai iya bin kowane ganyen dogon yaro ba. Mayafin haske kuwa hoton ne da kansa aka mai da shi fari da baƙi, aka ce ya zama mayafi. Ɗigon da ya fi haske ya fi buɗewa, wanda ya fi duhu ya fi rufuwa. Tunda daga jikin hoton aka ciro shi, kowane ganye, kowace igiyar taru, kowace wayar lantarki tana zaune daidai inda take, kuma babu kaifin yanka tsakanin zaɓaɓɓe da wanda aka bari.

Na farkon yana da faɗi da yawa, don haka ake tace shi. Aikin kamar tankaɗe ne: rariya mai manyan idanu kusan komai na wucewa, in ka sauya mai ƙanana sai lallausan garin kawai. A lissafi, ninka mayafin ake yi da kansa. Ɗauki ɗigo mai matsakaicin haske, 128 cikin 255. A mayafi na 1 an zaɓe shi kashi 50 cikin 100. A na 2, rabin rabi, kashi 25. In aka sake ninka na 2 da kansa, ya koma wajen kashi 6. Shi kuwa ɗigon gajimare mai haske kashi 90, a na 2 yana 81, a na 3 yana wajen 66. Ka ga matsakaicin ya kusa ɓacewa, mai hasken kuwa yana nan da ƙarfinsa. Wannan tazarar da ke buɗewa ita ce ke raba sama da gaɓar kogi.

Yadda ake ciro su

Daga hoton tushe ake ciro mayafin, domin a cikinsa ne sama ta yi fari, ƙasa ta yi duhu. In ka ciro daga mai duhu, komai zai taru a toka-toka ba abin da zai rabu. Tunda baƙin mayafi ya riga ya rufe fallen sama, tushen kake gani yanzu.

1. Ka buɗe allon *Couches*. Ka riƙe Ctrl ka danna ƙaramin hoton RVB, wato layin da ya haɗa ja, kore da shuɗi. Layin zaɓi zai fara rawa a kan hoton. Akwai gajeriyar hanya ta Ctrl da Alt da 2, amma a madannin AZERTY lambobin na ba da wahala, dannawar ta fi sauƙi.
2. Ka danna alamar ajiye zaɓi a ƙasan allon. Sabon layi zai fito. Ka sa masa suna Haske 1.
3. Zaɓin na nan, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift tare, ka danna ƙaramin hoton Haske 1. Ka ajiye, Haske 2.
4. Ka maimaita a kan Haske 2, ka sami Haske 3. In ana bukata, haka za a sami na 4.
5. Na duhu kuma: Ctrl da danna RVB, sai Ctrl da Shift da I don juya zaɓin. Ka ajiye, Duhu 1. Ka tace shi yadda ka tace na haske.

Wani lokaci Photoshop zai fito da gargaɗi cewa babu ɗigon da aka zaɓa fiye da kashi 50. Ka danna OK. Zaɓin na nan, layin ne kawai ba zai nuna ba.

Yanzu ka danna su ɗaya bayan ɗaya ka kalla. Kana neman wanda wurin da ya ƙone ya yi fari ko kusa da fari, gaɓar kogi da itatuwa kuma suka yi baƙi. A hotunan bakin Isa galibi Haske 2 ne ko 3. In babu wanda ya yi daidai, ka kwafi mafi kusa, ka danna Ctrl da L, ka jawo ƙaramin alwatikan hagu ciki har ƙasa ta yi baƙi, ka jawo na dama har sama ta yi haske. Kar ka matse su har tokar tsakiya ta ƙare. Ita ce ke sa mahaɗa ta ɓace.

Kada ka manta da layukan launi uku da ke ƙarƙashin RVB. In sama shuɗiya ce ga koren itatuwa, *Bleu* ya fi kowanne raba su. In gajimare ja ne, *Rouge* ne zai kama shi. Sai dai a Agusta da Satumba, lokacin da ruwan gulbi ke yin ja saboda lakar da ƙoramu ke kwasowa, *Rouge* zai kama ruwan shi ma, don haka ka lura. Ana ciro mayafi daga kowannensu da Ctrl da dannawa, daidai da na RVB.

Shafawa

Ana iya ɗora mayafin kai tsaye a kan fallen, ta *Image*, *Appliquer une image*, kuma yana da sauri. Amma zai shigar da duhu duk inda haske yake, har da farar rigar masunci da ƙyallin ruwa, hoton ya dushe. Na fi son a shafa ta cikinsa da buroshi.

Ka riƙe Ctrl ka danna mayafin da ka zaɓa. Ka danna RVB don launi ya dawo, ka koma *Calques*, ka danna baƙin mayafin fallen mai duhu. Ka tabbata farar ƙawanyar tana kewaye da mayafin, ba hoton ba. In ba haka ba farin fenti za ka zuba wa sama. Ctrl da H zai ɓoye layin zaɓin don ka ga abin da kake yi. Ka ɗauki buroshi babba, mai laushin baki gaba ɗaya, launi fari, *Opacité* 100, *Flux*, wato yawan fentin da buroshi ke zubawa, tsakanin 5 da 10.

Ka fara daga inda ya fi ƙonewa, ka bi da dogon ja, kana tsallaka layin itatuwa ba tare da tsoro ba, domin zaɓin na tsare su. Gajimare zai fara dawowa a hankali. Ga abin da ya kamata ka riƙe: zaɓin ba katanga ba ne. Ɗigon da aka zaɓa kashi 10 yana karɓar kashi 10 a kowane ja, kuma in ka ɗaga hannu ka sake ja, ka sake, sai ya taru har ya cika. Shi ya sa wanda ya yi ta gurza wuri ɗaya yake ganin kan itatuwa ya yi baƙi, gindinsu na da haske. Ja kaɗan masu tsawo sun fi ja da yawa gajeru. Lokaci-lokaci ka riƙe Alt ka danna mayafin ka gan shi tsirara. In ka ga sawun buroshi dunƙule-dunƙule, ka sauya zuwa baƙi da X ka sassauta.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato ina za a tsaya. Ka tuna tsarin haske yadda Allah ya yi shi a wurin. Rana da kewayenta su ne kan gaba, kuma daidai ne ƙwayarta ta zauna fara. In ka mai da ita toka, ko yaro zai ce hoton nan da wani abu. Bayanta sai sauran sama. Bayan sama sai hotonta a cikin ruwa, wanda a ƙa'ida ya fi ta duhu, ban da inda rana ke ƙyalli a kan igiyar ruwa. Ƙasa ce ta ƙarshe. Duk lokacin da gaɓar kogi ta fi gajimaren da ke haska ta haske, an wuce gona da iri. In ka gama shafawa, ka rage *Opacité* na fallen gaba ɗaya zuwa 70 ko 80 ka gani. Sau da yawa a nan hoton ke fara numfashi. Kuma in ka duhunta sama, ka ɗan taɓa ruwan da ke ƙarƙashinta, don su tafi tare.

Da ka gama, Ctrl da D. Ɓoyayyen zaɓin da aka manta da shi yana sa duk abin da ka yi bayansa ya ƙi kamawa, ka yi ta neman dalili.

Hoto na uku, mai hasken, sau da yawa ba a ma bukatarsa. In cikin kwale-kwale ko gindin garka ya cushe, ka ɗora shi a sama da baƙin mayafi, ka ɗauko Duhu 2 ko Duhu 3, ka shafa kaɗan da *Flux* 3 zuwa 5. Inuwar magariba inuwa ce, a bar ta da nauyinta. So ake a gane abin da ke ciki, ba a mai da ita azahar ba. Hoton yatsa kuma ba ya bukatar mayafin haske: baƙin mayafi, buroshi mai laushi, ka shafa daidai kan ɗige-ɗigen walƙiya.

Sama kuwa ta ranar ce za a yi aiki da ita. Haɗin nan don a dawo da abin da ya faru a gabanka ne cikin daƙiƙu kaɗan. Ɗauko gajimaren wata rana a liƙa wa kogi wani aiki ne daban, kuma wanda ya yi shi ya kamata ya faɗa.

Inda yake ɓaci

Ka kai girman hoton 100 bisa 100, ka bi layin da sama ta haɗu da ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan.

In ka ga siririn farin layi yana bin gefen gini ko kan tudu, dalilinsa ɗaya ne cikin huɗu: hotunan ba su hau juna ba, ko an sa kaifi tun a RAW, ko tazarar haskensu ta yi yawa, ko an dusar da mayafin da *Flou gaussien*. Wannan na ƙarshen shawara ce da ake yawan bayarwa, kuma a mayafin haske ɓarna take yi, don tana raba mayafin da gefen da ya kamata ya bi. Gyaran gaskiya shi ne ka koma RAW ka ƙara kusanto da su. In layin ɗan kaɗan ne, ka haɗa fallayen a sabon falle da Ctrl, Alt, Shift da E, ka ɗauki *Tampon de duplication*, ka sa yanayinsa a *Obscurcir*, ka ɗebo sama daga dab da layin ka bi kansa. A wannan yanayi abin da ya fi samfurin haske kawai yake taɓawa, don haka ginin ba zai ɓaci ba.

Itatuwa su ne jarrabawa. Iskar da ke gaban hadari tana kaɗa ganyen goriba da na turare, kuma tsakanin ƙifta da ƙifta ganyen ya bar inda yake. Mayafin da aka ciro daga tushe ba zai dace da ganyen mai duhu ba, sai ka ga kowane reshe da inuwarsa. A nan kar ka yi jayayya da iska. Ka ɗauki itacen dukansa daga hoto guda, galibi mai duhun, da buroshi ba tare da zaɓi ba, sannan ka ɗaga haskensa da *Courbes* ta cikin Duhu 2. Haka kwale-kwalen da ke tafiya, da mai fatsa, da tsuntsayen da ke komawa kwana: kowanne daga hoto ɗaya, shi da hotonsa na cikin ruwa da sawun da ya bari.

Akwai dabarar da ke kauce wa wannan gaba ɗaya in tazarar ba ta yi tsanani ba. Ka ɗauki RAW ɗaya, wanda sama ba ta ƙone a cikinsa ba, ka gyara shi sau biyu, ɗaya don sama ɗaya don ƙasa, ka haɗa su da mayafin haske yadda aka bayyana. Tunda ƙifta ɗaya ce, babu abin da ya motsa. Kuɗin da za ka biya shi ne ɗan tsaki-tsaki a inuwa.

In haɗin ya yi kyau amma hoton ya yi lami, ba laifi ba ne, haka haɗi ke yi, tunda an matse tazara mai faɗi. Ka zaɓi hoton duka da Ctrl da A, ka riƙe Ctrl da Alt ka danna Haske 1, ka sake danna Duhu 1 haka nan. Abin da ya rage shi ne tsaka-tsaki. Ka buɗe *Courbes* a kansa ka lanƙwasa layin ya yi siffar S. Ƙarfi zai dawo tsakiyar hoton ba tare da sama ta sake ƙonewa ko inuwa ta toshe ba. Launin ja da ruwan lemo kuma ka sa musu ido, don hoto mai duhu yana zuwa da launi mai kauri, in ya yi yawa ka rage.

Ƙurar Yamai ma tana da rabonta. Wadda ta shiga cikin kyamara tana fitowa ɗigo-ɗigo a sama, musamman daga f/11 zuwa sama, kuma duhunta sama na ƙara tona ta. Ka share su a kan fallen da ka haɗa, sau ɗaya, maimakon bin kowane hoto.

Wanda ba shi da Photoshop

GIMP kyauta ne, kuma tun sigar 2.10 ta 2018 yana aiki da 16 bit. Ka gyara RAW ɗin a darktable ko RawTherapee, su ma kyauta, ka fitar da TIFF. A GIMP ka kwafi fallen tushe, ka ƙara masa mayafi ka zaɓi *Copie du calque en niveaux de gris*. Haske 1 ke nan. Ka kwafe wannan mayafin ka manna shi a mayafin fallen mai duhu, ka matse shi da *Niveaux* ko *Courbes* har ƙasa ta yi baƙi, sannan ka bi da baƙin buroshi ka rufe inda ba ka son duhun ya shiga.

Ajiya da fitarwa

Hoton megafiksel 24 a 16 bit yana cin wajen megabait 144 a kowane falle, kowane mayafi da ka ajiye a *Couches* kuma wajen 48. Ka goge waɗanda ba ka yi amfani da su ba, kwamfuta za ta sami sauƙi. PSD, tsarin ajiyar Photoshop mai riƙe fallaye, ba ya wuce gigabait 2. In aikin ya fi haka sai PSB, ɗan'uwansa na manyan ayyuka. Ka riƙa danna Ctrl da S bayan kowane mataki, musamman a watannin zafi da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan ɗaukewa.

Kafin ka yanke hukuncin ƙarshe, ka rage hasken allon kwamfutarka zuwa matsakaici, ka kauce wa taga, ka tashi ka sha shayi ka dawo da sabon ido. Ka ƙanƙanta hoton ya zama ɗan mitsitsi a allon: farin kewaye a kan tudu da duhun da ya yi yawa a saman itatuwa sun fi bayyana a ƙarami fiye da babba.

Ka ajiye mai fallaye a matsayin uwa, ka yi kwafi don fitarwa. A kwafin ka haɗe fallayen, ka mai da launi zuwa sRGB, ka rage tsawon gefe zuwa fiksel 2048 in Facebook za shi, sannan ka sa kaifi, a kan ƙasa da itatuwa kawai, ban da sama. In ka ga alamar ratsi a sararin bayan an koma 8 bit, ka koma baya ka zuba masa ɗan tsaki na kashi 1 ta *Filtre*, *Bruit*, *Ajout de bruit* kafin ka sauya. In ta WhatsApp za ka aika wa mai buga hoto ko abokin ciniki, ka tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, don manhajar tana matse hotuna kuma sararin magariba ne farkon abin da ke tsagewa.